Baba Buluca da Silifas Ɗin Malam Toma

Idan ka shiga Muciya, a Sabon Garin Zariya, ka ce kana neman Akinola, za a nuna maka mutum uku, kuma babu wanda kake nema a cikinsu. Amma ka ce Baba Buluca, ko mai tallar ruwan leda zai nuna maka rumfar kwano da ke jingine da bangon wani tsohon gida, inda wani dattijo ke zaune da tabarau a karan hanci yana yi wa takalman masu wucewa kallon tausayi. Shekarunsa saba'in da 'yan kai. A Sabon Gari aka haife shi. Mahaifinsa, Adewale, ya zo daga Ogbomoso aikin jirgin ƙasa, ya ce shekara biyu zai yi ya koma gida, kuma a Zariya aka binne shi. Akinola yana jin Yarabanci sarai, amma da Hausa yake ciniki, da ita yake faɗa, kuma ya ce ko a mafarki da ita ake yi masa magana.

Sunan da ya bi shi kuwa na wani kwamandan sojan Jamus ne, Blücher, wanda ya mutu fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce ba tare da ya taɓa jin labarin Muciya ba. Turawan Ingila ne suka ɗauki sunan suka liƙa wa wani irin takalmi sau-ciki. Bambancinsa da sauran takalman ofis yana wurin kunnuwan nan biyu masu hudojin igiya. A wasu takalman ana ɗinke gindin kunnuwan a ƙarƙashin fatar gaba, ƙafa ta shiga ta yi biyayya ko ta sha wuya. A wannan kuwa a bisa ake ɗinka su, a bar su a sake, suna buɗewa kamar ƙyaure biyu. Mai tudun ƙafa ya sassauta igiya, mai siririyar ƙafa ya ja. Da sunan ya iso bakin mutanen Sabon Gari sai ya zama buluca, ya zauna a haka.

A wurin wani Ibo mai suna Sebastian ya koyi sana'ar. Sebastian yana da dokoki, kuma ba ya bayaninsu. Ba a auna ƙafa da safe, sai da la'asar, bayan ta yini tana ɗauke da mai ita ta kumbura iyakar kumburinta. Ba a auna mutum a zaune. Kuma kowane mai ciniki na ƙwarai ana sassaƙa masa ƙafar katako tasa, wadda masu sana'ar ke kira las, a rataye a bango. Idan ƙafar mutum ta sauya, ba a jefar da katakon. Sai a liƙa masa ƙyallen fata a inda ƙashi ya turo ko nama ya ƙaru. A shekarar 1966, da gari ya rikice, Sebastian ya tara iyalinsa ya nufi tashar jirgi, ya miƙa wa Akinola makullin shago ya ce ya riƙe masa zai dawo. Har yau kujerarsa tana nan a kusurwa, Akinola ba ya zama a kanta, sai dai ya ɗora kwanon abinci.

Shekarun da suka biyo baya su ne Akinola ke kira lokacin da mutane ke da ƙafa. Malaman jami'a suna saukowa daga Samaru, akawunan reluwe suna zuwa, manajojin masana'antun Cikaji suna aiko direba sai ya mayar da direban ya ce mai ƙafar ya zo da kansa. Shago ne a lokacin, mai ƙofar gilashi da fanka. Ya iya kowane irin takalmi, amma duk abin da mutum ya zo nema, a ƙarshe da buluca yake fita, domin Akinola zai saurare shi da ladabi har ya gama, sannan ya yanka abin da ya ga dama.

A cikin wannan zamani ne wani saurayi dogo ya shigo wata la'asar, da alli a hannun rigarsa. Malam Toma ke nan, mutumin wajen Zonkwa, mai koyar da tarihi a wata sakandare a Samaru. Aure zai yi, yana son takalmi. Yana tsaye a kan takarda Akinola na zagaye ƙafarsa da fensir, sai ya tambayi sunan takalmin. Da ya ji, ya yi dariya har fensir ya goce.

"Ka san mai sunan nan kuwa?"

"Sunan takalmi ne, Ticha. Tsaya daidai."

"Sunan mutum ne. Janar ne na Jamus. Shi ya kai wa Ingilishi ɗauki ranar da suka kara da Napoleon a Waterloo. Ana cewa shi ya sa aka yi wa sojojinsa irin wannan don su sa su cire da sauri. Da aka ci yaƙi, Ingilishi suka sa wa dogon takalmi sunan nasu janar ɗin, shi kuma baƙo suka ba shi gajere. Iyakar godiyarsu ke nan."

Abin ya yi wa Akinola daɗi. Shi da ko kaza ba ya iya yankawa sai matarsa ta kira maƙwabci, ashe shekara da shekaru kayan soja yake ɗinkawa.

Sai dai yana da aibi guda, wanda duk Sabon Gari ta sani: ba ya gama aiki a ranar da ya faɗa. Ranar auren Toma, ango ya sa kwat, ya ɗaura laktaye, yana zaune a bakin gado da safa, abokai suna ta leƙen hanya. Sai da aka fara shawarar aro takalmin wani, sannan aka hango Akinola a kan keke yana haki, da ƙunshi a ɗaure a baya.

"Na manta ban gaya maka ƙarshen labarin ba," in ji Toma yana zura ƙafa. "Shi ma janar ɗin naka sai da rana ta karkata ya iso fagen yaƙi, bayan mutane sun sha wuta tun hantsi. Ashe gado ne."

"Amma ya iso?"

"Ya iso."

"To miƙe mu gani."

Toma ya miƙe, ya buga ƙafa a ƙasa, ya yi taku zuwa ƙofa ya dawo. Takalmin ya zauna kamar da shi aka haife shi. Ya yamutsa fuska ya ce, "Yana matse ni."

"Ƙafarka ce ba ta da tarbiyya," in ji Akinola.

Daga ranar Toma ya koma kiransa Janar, kuma waɗannan kalmomi suka zama gaisuwarsu. Duk takalmin da ya karɓa, shekara arba'in da wani abu, sai ya ce yana matse shi, sai a gaya masa halin ƙafarsa, sannan su aika a sayo tsire. Katakon ƙafar Toma ya yi ta tara ƙyallaye a bango. Akwai na shekarar da ya faɗi a babur, akwai na lokacin da aka yi masa mataimakin shugaban makaranta ya fara ƙiba.

Sannan duniya ta sauya takalmi. Gwanjo ya cika kasuwa, bayansa na roba masu ƙyalli suka zo, waɗanda ake sawa wata uku a yar. Masana'antun Cikaji suka yi ta yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Malaman jami'a na yanzu suna shiga aji da kambas, kuma ba wanda ya kore su. Shago mai gilashi ya koma wurin sayar da waya, Akinola ya koma rumfa da katakansa, mafi yawansu na mutanen da ba su ƙara bukatar takalmi. Matarsa ta rasu. Hannunsa ya fara rawa. 'Yarsa Modupe, mai shagon kayan masarufi a Jushi, ta kwashe wuƙaƙen yankan fata ta kulle a gidanta, ta bar masa gam da guduma. Ya zama mai liƙe silifas da buga dunduniya, kuma yana yin aikin da fuskar alƙalin da aka mayar gadin kotu.

Wata ranar Talata, ana saura 'yan makonni Ista, Scholastica matar Toma ta sauka daga keke napep a gaban rumfar. Ba ta zo da takalmin gyara ba. Ta zauna a benci, ta ɗora jaka a cinya.

"Baba Modupe, ka dai ji auren Stephanie bayan Ista."

"Na ji, Madam. Ina jiran Ticha ya zo a auna shi. Na ma yi mamakin shirunsa."

"Ba zai zo ba. Ya ce ƙaninsa Martins ne zai riƙe hannunta ya shiga da ita coci."

Akinola ya cire tabarau. Stephanie ce auta, kuma ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yan Toma. Tun tana goye Toma ke cika baki da ranar da zai kai ta gaban bagaden coci, har yana gwada irin takun da zai yi.

"Sun yi faɗa ne?"

"Ina fa. Ƙafafunsa ne. Tun bara suke kumbura, likita ya ce zuciya ce. Babu takalmin da ke shiga. Yaran sun sayo har kala huɗu daga Kaduna, ko rabi ba su shiga ba. Wani ƙaton silifas kaɗai yake sawa. Ya ce shi da ya kori ɗalibai daga aji saboda silifas, ba zai ratsa coci da shi a gaban surukai ba. Yarinya tana ta kuka, shi kuma ya ce mata wai gwiwa ce."

"To ki kawo shi."

"Ni kaina ba ya bari in gani da rana. Ya ce in na gaya maka, bai yafe ba." Ta miƙe ta gyara ɗankwali. "Saboda haka ban gaya maka ba. Kifi na zo saya."

Washegari da la'asar Akinola ya sa fensir da takarda da tef a aljihu ya hau bas ɗin Samaru. Ya tuɓe takalminsa a ƙofar falo ya yi sallama. Zafin bazara ya kai inda fanka ke kaɗa wuta, amma Malam Toma yana zaune a kujera da bargo a lulluɓe daga gwiwa har ƙasa.

"A'a, Janar! Yaƙi ya ƙare ne ka fito yawo?"

"Na zo duba masu jin sanyi a watan Maris."

"Zazzaɓi ne."

"Allah ya sawwaƙe. Zazzaɓin daga gwiwa ya fara?"

Toma ya kira Scholastica ta kawo ruwa. Suka yi hirar wutar lantarki, da ta waɗanda suka mutu, da ta wani tsohon ɗalibin Toma da ya zama babban mutum alhali bai taɓa cin tarihi ba. Can Akinola ya zaro takarda ya shimfiɗa a ƙasa.

"Tashi ka taka."

"Ban yi odar takalmi ba."

"Uban amarya ba ya oda. Tashi."

"Martins ne zai shiga da ita. Gwiwata ba ta ɗaukar doguwar tafiya."

"Daga ƙofar coci zuwa gaba ne doguwar tafiya? Kai da ka taka daga Samaru zuwa Kwangila ranar da direbobi suka yi yajin aiki, don kawai ka gaya mini takalmi na matse ka?"

Toma ya daina murmushi. Ya dubi taga ya ce, "Akin, naɗe takardarka." A shekara arba'in bai kira shi da sunansa ba sai ranar da suka binne matar Akinola. Akinola ya naɗe takardar. Suka ɗan ƙara zama don kada a ce an rabu da fushi, sannan ya yi sallama.

A bakin ƙofa ya sunkuya zai ɗauki takalminsa, sai idonsa ya faɗa kan silifas ɗin. Ƙato ne, shuɗi, robar ta lotsa. Sawun kowace yatsa yana nan a kwance, da faɗin tafin, da inda dunduniya ta fi danna gefe guda, har ma ana ganin ta hagu ta fi ta dama bajewa. Ƙafar da ta ƙi hawa takarda ta yi wata da watanni tana auna kanta, safe da la'asar, kuma a tsaye.

Nasa takalmin sandal ne da ya ɗinka wa kansa, mai maɗauri biyu. Ya kwance maɗauran ya mayar da su hudar ƙarshe, ya ajiye su inda silifas yake. Ya zura ƙafa a silifas ɗin Toma kamar tsohon da ya ruɗe. Da ya ɗago, ga Scholastica tsaye da tire a hannu. Ta dube shi, ta dubi ƙafarsa, sannan ta ɗaga kai tana nazarin silin.

"Ka gaida gida, Baba Modupe. Ina jin za a yi ruwa da wuri bana."

Yana fita ƙofar gida ya cire silifas ɗin don kada nauyinsa ya ɓata sawun, ya naɗe su a takardar awon. Haka mutumin da ya yi wa rabin malaman jami'a takalmi ya hau bas daga Samaru zuwa Sabon Gari ba takalmi, ya rungume ƙunshi a ƙirji. Wata mata da ke kusa da shi ta matsa, ta kuma yi masa addu'ar samun sauƙi.

Karɓo wuƙaƙe daga hannun Modupe ya fi satar wuya. Ta ce zai yanke yatsa. Ya ce yana da goma. Ta ce ba ta bayarwa. Ya ce to zai yanka da reza. Da yamma ta kawo su da kanta a cikin kwandon abinci, ta ajiye ta tafi.

Ya sauko da katakon Toma daga bango, ya kakkaɓe ƙura, ya ɗora shi a kan sawun silifas. Katakon ya zauna a tsakiya kamar yaro a gadon babansa. Ya shiga liƙa fata, ƙyalle bisa ƙyalle, yana gogewa yana gwadawa, har gefen katakon ya cika sawun. Tsawo da faɗi sun samu. Abin da silifas bai iya faɗa masa ba shi ne tudun ƙafar, iya inda kumburin ya kai ta sama, kuma nan ne takalman Kaduna suka kasa. Ya daɗe yana juya katakon a hannu. A ƙarshe ya yi abin da Sebastian zai mare shi a kai, wato ya yi ƙiyasi. Ya yanka kunnuwan da faɗi, ya ja ɗinkinsu baya don su buɗe sosai, ya yi harshen takalmin kusan ninki biyu na yadda aka saba, domin ko kunnuwan ba su haɗu ba kada safa ta leƙo. Igiya kuwa ya sayo mafi tsawo da ke kasuwa, irin ta takalmin sojoji.

Fatar ta ɗan maraƙi ce, ruwan ƙasa, ragowar wadda ya ɓoye a ƙarƙashin gado tun shago na da gilashi. Hannunsa yana yi masa biyayya da sassafe, zuwa hantsi sai ya fara gardama. Ya ɓata gaba guda, wuƙa ta zame ta ci inda ba a aike ta ba, ya zauna yana kallon ɓarnar har mai kosai ta tambaye shi ko an yi rasuwa ne. Abin da ya rage na fatar ya isa daidai, ba ragi. Daga nan ya koma huda da basilla a hankali, ɗinki kaɗan yau, kaɗan gobe. Ista ta zo ta wuce. Scholastica ta sake zuwa sayen kifi har sau biyu, ta leƙa rumfa, ta tafi da fuskar da ba ta gamsu da kifin ba. Daga Toma kuwa ko saƙo babu. Mutumin da aka sace wa takalminsa ɗaya tilo bai yi cigiya ba, kuma Akinola ya fahimci abin da shirun ke nufi.

Ranar Asabar ɗin auren, lokacin da ya kamata a ce yana coci, yana rumfa yana buga dunduniyar hagu. Ya shafa mai, ya goge, ya zura igiya, ya naɗe a jarida. Ya tare keke napep ya ce Samaru, kada a ɗauki kowa. A Kwangila suka tarar da tirela ta gindaya, aka yi cirko-cirko. Mai keken ya kashe inji ya fara ba shi labarin siyasa.

A harabar cocin kuwa mawaƙa sun maimaita waƙar shiga har sun fara kallon juna. Ango yana ciki yana gumi. Martins yana tsaye a ƙofa da sabuwar kwat, ya tanƙwara hannu tun kafin a buƙata. Scholastica ta gano cewa mayafin amarya ya karkace, ta gyara, ya sake karkacewa, ta aika a nemo fil, aka kawo, ta ce ba irinsa ba. Malam Toma yana zaune a bayan mota a gindin bishiya, da niyyar sai kowa ya shiga ya lallaɓa ya zauna a bencin baya.

Akinola ya buɗe ƙofar motar ba sallama. Ya durƙusa a ƙasa, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Janar, ka makara."

"Kai ka ce gado ne. Miƙo."

"Ɓarawon silifas."

"Na ji. Miƙo."

"Ba zai shiga ba, Akin. Kada ka tara mini mutane."

"In bai shiga ba na mayar da abina, ba wanda ya gani. Miƙo ta dama."

Toma ya juyo a hankali ya sauko da ƙafafunsa. Sandal ɗin Akinola ne a jikinsu, maɗauran a hudar ƙarshe, an yanke bakin safa don ta wuce idon sawu. Kumburin ya fi yadda Akinola ya zata. Bai ɗaga kai ba, bai ce sannu ba. Ya zare igiya har ƙasa, ya buɗe kunnuwan takalmin gaba ɗaya, ya jawo harshen waje, ya tallabi dunduniyar abokinsa ya zura. Ƙafar ta tsaya a rabi, ta yi kamar tana shawara, sannan ta shige. Kunnuwan ba su haɗu ba, tsakaninsu ya kai faɗin yatsu uku, amma harshen ya rufe wurin ruf. Ta hagu ta fi gardama, sai da Toma ya dafa kafaɗarsa ya danna. Ita ma ta shiga. Igiyar sojoji ta ratsa hudojin duka, ta rage ɗan abin da za a ƙulla.

A nan hannun ya ƙi. Ya kama bakin igiya ya kuɓuce, ya sake kamawa ya kuɓuce. Rana ta yi sama, lokacin biyayya ya wuce. Yana cikin wannan kokawa sai ya ga farin yadi ya bazu a ƙasa kusa da shi. Stephanie ce ta tsuguna da rigar aurenta.

"Kawo, Baba, in ɗaura."

"Ke! Rigar!" in ji Scholastica daga nesa, amma ba ta matso ba.

"Kada ki ja da ƙarfi," in ji Akinola. "Ƙulli biyu. Haka."

Toma ya kama ƙofar mota ya miƙe. Ya buga ƙafar dama a ƙasa, ya buga ta hagu. Ya yi taku zuwa gindin bishiya ya dawo, wandon ya sauka ya rufe igiyar, ba abin da ake gani sai hancin takalmi yana ƙyalli. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗago ya dubi Akinola.

"Yana matse ni."

"Ƙafarka ce ba ta da tarbiyya."

Toma ya miƙa wa 'yarsa hannu. Martins ya sauke nasa, ya gyara laktayen da ya saya musamman, ya bi bayansu da fuskar wanda aka sallama daga aiki kafin ya fara.

Akinola ɗan Baptis ne, bai san lokacin tsayawa da na durƙusawa a cocin Katolika ba, don haka ya tsaya a baya kusa da ƙofa. Jama'a duk sun juyo suna kallon amarya. Shi kaɗai ne ke kallon ƙasa. Toma yana tafiya a hankali, irin takun da ya yi shekaru yana gwadawa, sai dai ya fi nauyi. Dunduniyar hagu tana ɗan ɗagawa a kowane taku, kaɗan ƙwarai, ba mai lura sai wanda ya ɗinka. Akinola ya bi ta da ido har gaban bagade, yana lissafin inda ya kamata ya ƙara ƙyalle.

A wurin liyafa Toma ya aiko a gaya masa ya dawo da silifas ɗin mutane. Akinola ya ce a gaya wa Ticha ya zo Muciya da kansa ya karɓa, da la'asar, kuma a tsaye. Modupe ta sake kwashe wuƙaƙen a makon, wannan karon bai yi gardama ba. Silifas ɗin yana nan a bangon rumfa, a ƙusa ɗaya da katakon Toma, wanda yanzu fatar da ke jikinsa ta fi itacen yawa. Masu kawo gyara sukan tambaya ko na sayarwa ne, sai ya ce a'a, na wani ne, zai zo.